Harafi Mai Hula da Firigon Guéné

Ku matso nan, ku da ke cewa aikinmu zaman inuwa ne. Jiya na ji ɗayanku shina gaya ma abokinshi wai gyaran rubutun da ya dagule cikin sikirif ba komi ba ne, layi guda ne, ka tambayi waya ta ba ka, ka manna, shi ke nan. Bai yi ƙarya ba, layi guda ne. Ni ma layi guda na sa a ranar da nike son in ba ku labarinta. Amma kahin in sa shi shanu sun mutu, kuma wata mata mai 'ya'ya tana zaune bisa benci a birigad ɗin jandarma ana ce mata ɓarauniya. To ku aje wayoyin nan. Wanda ke jin barci shi je shi wanke huska shi dawo.

Ni ɗan Gaya ne. Da anka kai ni koyon aiki wurin Malam Isufu, kullum da sahe nike ƙetaro gada in zo Malanville, don shagonshi na nan kusa da duwan, wato kwastan, tsakiyar burorin masu taranzit, waɗanda ke hidda ma manyan motoci takardun wucewa. Kayan aikinmu duka jaka guda ce: turnabis, wato sukudireba, ƙarami da babba, tsohon buroshin haƙori na share ƙurar cikin ordinatar, wato kwamfuta, igiyoyi iri-iri, da wata kile, 'yar ma'ajiyar porogaram da ake soka ma ordinatar, da Malam Isufu ke rataye ma wuya kamar laya. Na daɗe ina ɗaukar jakar nan bai bar ni na taɓa kilabiye, allon haruffan da ake bugawa, ba. Aikina shi ne in tsaya bayanshi, shi buga umurni cikin baƙar tagar nan da babu hoto babu komi sai rubutu, ni kuwa in karanta mishi amsar da ƙarhi, harafi bayan harafi. In na tsallake ko da ɗigo ne, sai in ji turnabis bisa kai. Ku yanzu in anka yi muku haka uwayenku za su zo da jandarma.

Sannu a hankali ya koya mini sikirif. Sikirif aike ne da kake rubuta ma inji: je ka tambayi wane, ka karɓo amsa, ka aje ta nan, in ta ce kaza ka yi kaza, in ba ta ce ba ka yi kaza. Wurin da ake aje amsar ku kuna ce mishi bariyabul. Malam Isufu ƙwarya shike ce mishi. Shikan ce, "Hamidu, abin da idonka ya gani bisa ekaran, huskar inji, daban, abin da ya faɗa cikin ƙwarya daban. Leƙa ƙwaryar." Na ji maganar nan har ta gundure ni.

Aikin farko da na ga rubutu ya dagule, na wani mai taranzit ne, mutum mai ihu, wanda ko gaisuwa ba shi gamawa sai ya ce kamiyo, babbar motarshi, na jira. Sikirif ɗinshi na kwaso sunayen garuruwan da mota za ta bi, shi zuba su cikin takarda. Kandi ya hito daidai, Malanville ya hito daidai, Guéné kuwa ya hito da wasu ƙarahuna da ƙaho-ƙaho a tsakiya. Direban ya duba ya ce shi dai duk yawonshi bai taɓa kwana a wanga gari ba. Munka yi dariya har da hawaye. Rubutun aljanu muke ce ma abin. Malam Isufu ya gyara kahin shayi shi huce, mai ihu ya karɓi takardarshi ya hita ba godiya. Shekara da shekaru haka na ɗauki matsalar: abin dariya, gyaran shan shayi.

Sai shekarar da anka ruhe gada. Ku da yawanku kuna nan, kun ga layin motoci, amma ba ku san abin da ya yi ma masu sana'a ba. Burorin taranzit sunka ruhe ɗaya bayan ɗaya. Ordinatar da ba a kunna ba ba ta lalacewa, to wa zai kira ka? Ni da nike rubuta sikirif na koma sa ma mutane waƙoƙi da wa'azi cikin waya a bakin kasuwa. Komi ya koma bisa ruwa. Albasa, siminti, magani, mutane da kayansu, duk cikin jirage. Malam Isufu gwiwa ta riga ta kama shi, ba shi iya tsalle cikin jirgi, sai ya zauna gida a Gaya ya bar mini jakar. Ni na kama ɗaki a nan.

Wata sahiya ina zaune ina korar ƙuda, sai ga Alhaji Namata, shugaban wata ƙungiyar makiyaya ta Guéné. Na san shi, don shekarun baya mun yi musu aiki. Suna da firigo na ajiyar allurar shanu, irin maganin da in ya ji ɗumi ya mutu. Malam Isufu ya sa musu wani ɗan ma'aunin zahi mai doguwar igiya cikin firigon, ya haɗa shi da wata 'yar ordinatar mai batir ɗinta. Ma'aunin na da nashi porogaram, da Faransanci shike ba da amsa. Sikirif ɗin da Malam Isufu ya rubuta shina tambayar porogaram ɗin lokaci-lokaci, shi kama amsar cikin ƙwarya, shi duba. In ya ga kalmar élevée, wato zahi ya hau, sai shi aika ma waya biyu saƙon gaggawa. In bai gan ta ba, da sahe shi aika musu: Firigo lahiya lau. Ni na riƙe tsani ranar da anka sa shi, kuma gabana anka gwada. Ya yi aiki tsaf.

Waya ɗaya ta Alhaji ce. Ɗayar ta Ramatu ce, 'yar Toumboutou, wadda ta yi karatun duba dabbobi. Ita ke riƙe da makullin firigon, ita ke ɗaure kula mai riƙe sanyi bayan moto ta bi ruga-ruga tana yi ma shanu allura. Makiyaya Madam suke ce mata, kuma ba su yarda kowa shi taɓa musu saniya in ba ita ba.

Alhaji bai ko zauna ba. Ya ce, "Hamidu, tashi ka zo ka hiddo mini shaida daga cikin injinku."

Na ce, "Shaidar me, Alhaji?"

Ya ce bana an yi ma shanu allurar ciwon huhu kamar kowace shekara. Ciwon ya shigo, sai ga waɗanda anka yi ma allura suna faɗuwa daidai da waɗanda ba a yi ma ba. Garke-garke. Makiyaya sunka ce ruwa anka zuba ma dabbobinsu. Wani ya ce ya ga Madam a bakin kogi da kularta. A shekarar nan kuwa, da komi ke ƙetarawa cikin jirgi, kowa ya san maganin dabba na da tsada a wancan ƙetare. Ita ta rantse shanun da ke kiwo bakin ruwa ta je ma, ba wanda ya saurare ta. Sunka kai ƙara, jandarma sunka riƙe ta da wayarta.

Ya hiddo tashi wayar ya miƙo mini. "Duba. Lahiya lau, lahiya lau, lahiya lau. Ko rana ɗaya firigon nan bai yi ɗumi ba. To in magani bai lalace ba, me ta zuba ma shanun mutane? Ka buga mini wannan a takarda in kai birigad."

Kun ji fa. Saƙon da anka yi don shi taimake ta, shi ne ya zama babban mai shaida a kanta. Ni ma da na ga layin saƙonnin nan sai da na ce a raina, kai, Madam, me ya kai ki? Na ɗauki jaka, munka hau moto sai Guéné.

Rana ta take lokacin da munka isa, irin zahin da ke sa kwano ƙara. Ɗakin firigon ƙarami ne, an ruhe shi tun ranar da anka tahi da ita. Alhaji ya buɗe da makullin da jandarma sunka ba shi. Abin da na fara lura da shi, shiru. Firigo mai aiki shina gunji, wannan ko tari ba shi yi. Na ce, "Kuran fa, wutar lantarki?" Alhaji ya ce ai da rana haka suke ɗaukewa tun farkon bazara, sai la'asar sakaliya su maido, amma akwai babban batir da ke riƙe firigon. Na duƙa na duba batir ɗin. Ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci rogo. Na buɗe firigon na sa hannu. Jama'a, randar gidanmu ta hi shi sanyi.

Na zauna gaban 'yar ordinatar, tana nan tana aiki da nata batir. Na buɗe baƙar taga, na buga umurnin da hannuna, na tambayi ma'aunin. Amsa ta hito sarai, kowane harafi da hularshi: Température élevée. Na ce, "Alhaji, wayarka ta yi kuka yau?" Ya ce ko kusa. Na ce to bari mu gani. Na tada sikirif ɗin, na tilasta mishi shi aika saƙo yanzu-yanzu. Wayar Alhaji ta yi ƙara cikin aljihu. Ya hiddo ya karanta: Firigo lahiya lau.

Innalillahi! Hannuna na cikin firigo mai ɗumi, ekaran na cewa zahi ya hau, waya na cewa lahiya lau. Na tsaya ina kallon injin nan kamar yau na fara ganin ordinatar.

Sai na leƙa ƙwaryar. Na ce ma inji shi nuna mini abin da ya kama, ba abin da ke bisa ekaran ba. Ga abin da ya hito: Temp├®rature ├®lev├®e.

Rubutun aljanu. Abin dariyarmu.

To ku buɗe kunne, nan ne sana'ar take. Inji bai san harafi ba, lamba ya sani. Kowane harafi da lambarshi. Haruffan da ba su da komi a kai, duniya ta yarda da lambarsu, shi ya sa Kandi ba shi taɓa dagulewa. Amma harafi mai hula irin é, ko namu masu ƙugiya irin ɗ da ƙ, tsari biyu ne ke rigima a kansu. Sabon tsari, wanda kuke ce ma UTF-8, da lamba biyu shike aika é. Tsohon tsarin baƙar taga kuwa kowace lamba harafi guda ce a wurinshi. In porogaram ya rubuta kai tsaye bisa ekaran, ba mai shiga tsakani, sai ka ga komi daidai. Amma in ka ce a kama maka amsar cikin ƙwarya, sai ta bi ta hannun tafinta, kuma tafintan nan da tsohon tsari shike saurare. Lamba biyu ta zo mishi, shi ba ka alama biyu da ba su da uwa ba su da uba. Sikirif shina neman élevée, abin da ke cikin ƙwarya ba élevée ba ne, sai shi ce bai ga komi ba. Tunda bai ga komi ba, lahiya lau.

Me ya sa da can ya yi aiki? Don lokacin da munka sa shi, porogaram ɗin ma'aunin da tsohon tsari shike magana, bakinsu ɗaya da tafinta. Daga baya wata rana reso na intanet ya yi kyau, ya sabunta kanshi, ya koma sabon tsari, ba wanda ya sani. Ma'aunin na riƙe lambobin zahin da ya auna a baya, na duba su. Tun kahin a fara allurar bana, kowace rana zahi ke hawa da hantsi shi sauka da marece. Ramatu da sassahe take ɗaukar magani, lokacin firigo ya kwana da kuran ya yi sanyi ƙalau. Ba ta dawowa sai rana ta faɗi, lokacin ya sake yin sanyi. Ta ina za ta sani?

Na yi ma Alhaji bayani da Hausar da zai gane. Ya zauna bisa kula, ya cire hula ya riƙe. Salati kawai shike yi. Can ya ce, "Batir ɗin nan ta gaya mini ya tsufa. Na ce ta bari a buɗe gada." Sannan ya ce, "Gyara shi, Hamidu. Gyara shi maza, don Allah, mu je birigad mu ce kuskure anka yi."

Gyaran kuwa kun san shi. Kahin sikirif shi tambayi porogaram, ka sa layi guda ka gaya ma tafinta da sabon tsari zai saurara, in an gama ka maida shi yadda ka same shi don kada ka ɓata ma wani aiki. Ba canza kamannin rubutun taga ba, kamar yadda na ga wasunku na yi, wannan shafa ma bango fenti ne. Ba kuma bin alamomin aljanu kana musanya su ɗaya-ɗaya ba. Wurin kamawa ake gyarawa. Yatsuna na bisa kilabiye, har na fara bugawa. Sai na ce bari dai in gaya ma mai sikirif, aikinshi ne. Na kira Gaya.

Malam Isufu ya saurare ni bai katse ni ba. Na karanta mishi abin da ke cikin ƙwarya. Na ce, "Malam, kana ji na? Yanzu zan sa layin."

Ya daka mini tsawar da rabona da ita tun ina ɗan koyo. "Ɗauke hannunka! Kada ka taɓa! Hamidu, in ka gyara shi yanzu ka binne matar nan."

Na ce, "Kamar yaya, Malam?"

Ya ce, "In ka gyara, inji ya koma faɗin gaskiya. Gobe makiyaya su zo su ga shina faɗin gaskiya, su ce to da ma gaskiya shike faɗi. Jandarma za su karanta takardarka su sake ta, na yarda. Garso, jagoran makiyaya, fa? Takarda za ka ba mutumin da shanunshi sunka mutu? Cewa za su yi ta saye ku, ku da Alhaji. Ta hita birigad, amma ba ta ƙara shiga ruga har ta mutu, kuma 'ya'yanta su tashi ana ce musu ɗiyan mai sayar da allura. Bar shi da ƙaryarshi. Ruhe ɗakin. Ina zuwa."

Na ce, "Da wace gwiwar?"

Ya ce, "Ba ruwanka."

Na ɗauke hannuna. Na goge abin da na fara bugawa. Ban taɓa barin inji da ciwon da na san maganinshi na tashi ba sai ranar, kuma ya hi kowane gyara wuya. Alhaji bai so ba, don ya san maganar batir za ta hito. Amma da na gaya mishi abin da Malam ya ce, sai ya ce, "Gaskiyarshi. Allah shi ba mu iko."

Washegari ranar kasuwar shanu ce a Guéné, makiyaya na nan cike. Na je bakin ruwa na tarbi Malam Isufu. 'Yan jirgi biyu sunka ciccibo shi kamar buhun masara sunka dire bisa tudu, wandonshi sharkaf da laka, shina zaginsu suna dariya. Munka ɗora shi bisa moto.

Alhaji ya riga ya je birigad ya roƙi arziki. Wani jandarma ya kawo Ramatu. Ta rame, mayahinta duk ya yamutse, ba ta kalli kowa ba. Ta tsaya daga gehe, jikin bango. Makiyaya sunka cika ƙohar ɗakin da tagar, sanduna bisa kafaɗa. A gabansu Garso Altine, wato jagoransu na kiwo, dattijo dogo, wanda ya hi kowa asara kuma shi ya kai ƙarar.

Malam Isufu ya dogara sanda ya gaishe su, ya ce, "Garso, injin nan ni na haɗa shi. Ni na koya mishi abin da zai faɗa. Yau nike son ka yi mishi tambaya da kanka." Ya ce in zaro ma'aunin daga firigo. Na zaro, ya sa shi cikin tahin hannun Garso, ya dunƙule mishi yatsu a kai. Ya ce, "Hannunka da sanyi ko da ɗumi?"

Garso ya ce, "Malam, ai ban mutu ba tukuna."

Anka ɗan yi dariya. Malam ya karɓi wayar Alhaji ya ba jandarma, ya ce shi zai karanta, don kada a ce mu munka ƙara gishiri. Ya yi mini alama, na tada sikirif. Waya ta yi ƙara. Jandarma ya karanta da ƙarhi: "Firigo lahiya lau."

Garso ya buɗe hannu ya kalli abin, ya kalle mu. Ya ce, "A'a. Hannun tsoho ba shi da wani zahi. Ku jira." Ya yi magana da Hillanci, wani ya ruga wurin mai shayi ya dawo da kofi shina tururi. Garso da kanshi ya tsoma ma'aunin ciki, ya riƙe igiyar. Ya ce, "To, tambaye shi yanzu."

Na tambaya. Waya ta yi ƙara. Jandarman ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago kai. Ya ce, "Firigo lahiya lau."

Kai! Ban taɓa jin salati irin na ranar ba. Wani ya jefar da sanda. Waɗanda ke waje na turo na ciki suna tambayar me ya ce, me ya ce. Garso ya sa yatsa cikin shayin ya janye da sauri, ya tsaya baki buɗe. Ya ce, "Mai shaidar da munka kama mutum da shi ke nan?"

Malam Isufu ya ce, "Shi ne. Ma'aunin ya ji zahin, ya kuma faɗa. Ɗan aiken da na sa tsakani ne bai gane maganar ba, ni kuwa na koya mishi in bai ji mugun labari ba shi ce lahiya. Nan ne na yi kuskure, ba Madam ba. Kullum da rana firigon nan ke ɗumi, maganin ya mutu a ciki tun ba a kai shi ruga ba." Alhaji Namata ya matso, ya faɗi maganar batir da bakinshi, ya ce ta gaya mishi, shi ya ce a jira.

Sannan Malam ya juyo ya ce, "Hamidu, sa layin."

Na sa. Daga baya mun sake rubuta sikirif ɗin duka, munka sa shi duba lambar zahin kanta, kuma in ya ga amsar da bai gane ba shi yi kururuwa maimakon shi ce lahiya. Amma a lokacin layin nan guda na buga. Ma'aunin na nan cikin shayi. Na tada sikirif.

Wayar Alhaji ta ɗauki kuka a hannun jandarma, irin kukan gaggawar da ba ta yi ba duk shekarar. Sai kuma wata ta amsa daga cikin aljihun rigarshi. Wayar Ramatu ce, wadda anka karɓe ranar da anka kama ta. Jandarman ya hiddo ta tana kuka, ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya miƙa ma mai ita.

Garso Altine ya aje kofin a ƙasa. Ya taka har gabanta, ya sauke sandarshi, dattijon da ya isa shi haife ta ya durƙusa bisa gwiwa ɗaya. Ya ce, "Madam, mun ɗauki alhakinki. Ni na kai ki, ni zan bi ruga-ruga in faɗi abin da hannuna ya ji yau. Ki yahe muna."

Ni na ɗauka za ta yi kuka, ko ta yi musu tas, kuma da ta yi ba wanda zai ga laihinta. Ba ta ko kalle shi ba. Wayar take kallo. Ta karanta saƙon a hankali, kamar mai koyon karatu: "Firigo ya yi zahi, a zo maza." Ta ɗago ta kalli Malam Isufu. Ta ce, "Malam, tun yaushe?"

Malam ya juyo ya dube ni. Ni na ce, "Tun kahin ki fara allurar bana, Madam."

Ta ce, "Duka? Har na Toumboutou? Har 'yan maruƙan da na ce a kamo mini ko da uwarsu na tunkuyi?"

Na ce, "Duka."

Ta jingina da bango, ta sulale har ƙasa, ta buɗe hannuwanta biyu bisa cinya tana kallonsu.

Ta ce, "Tashi, Garso. Ai ba ku yi ƙarya ba. Ruwa na zuba musu."